Auna Magungunan Antioksidan a Naman Dabba: Daga Wurin Yanka Zuwa Na'urar Awon Nauyi

Duk wanda ya ba dabba magani don bincike, ko ɓeran gwaji ne a ɗakin bincike ko ɗan rago ne a garke, akwai tambayar da ba zai iya kauce mata ba: maganin ya isa gaɓar da aka nufa kuwa, kuma nawa ne ya isa? Gwajin jini kaɗai ba ya ba da amsa, domin abin da ke yawo a jini daban yake da abin da ya samu wurin zama a hanta ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa. A jami'o'in wannan yanki namu, daga Ngaundare zuwa Marwa har Njamena, ana yawan bincike a kan magunguna da tsirrai masu kare ƙwayoyin jiki daga ɓarnar oksijin, wato antioksidan, amma galibin aikin yakan tsaya ne a gwajin kwalba ko a auna alamun ɓarna a nama. Auna maganin shi kansa a cikin gaɓa shi ne matakin da ke mayar da zato hujja, kuma hanyar da aka fi dogara da ita a yau ita ce haɗa na'urar rarrabe sinadarai a cikin ruwa da na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari, haɗin da ake rubutawa LC-MS/MS a takardun bincike.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ingancin lambar da na'ura za ta fitar an riga an yanke shi a mintunan farko bayan mutuwar dabba. Aikin antioksidan a jiki shi ne ya miƙa ilektiron nasa ga ƙwayoyi masu ɓarna, shi ya lalace a madadin tantanin jiki, kuma wannan hali ba ya barinsa don an yanka dabba. Kamar yadda goron da aka fasa yake sauya launi da zarar ya sha iska, haka maganin yake sauyawa a cikin naman da aka bari a kan tebur, ƙarfen da ke cikin jini da haske da zafi suna ƙara masa sauri. A Garwa, inda zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, minti goma na sakaci ya isa ya rage abin da aka zo aunawa, kuma babu na'urar da za ta dawo da shi.

Abin da na'urar take yi

Na'urar ba ta ganin magani a matsayin magani. Abin da take iya aunawa shi ne nauyin ƙwaya idan an raba shi da cajin lantarkin da ke kanta, adadin da ake rubutawa m/z. Saboda haka sai an fara ɗora wa ƙwayoyin caji. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce fesa ruwan samfuri ta wata siririyar allura mai ƙarfin lantarki na dubban bolt, ruwan ya ƙafe, ƙwayoyi masu caji su shiga cikin na'ura. John Fenn ne ya inganta wannan dabara, kuma a kanta ya samu kyautar Nobel a 2002.

A cikin na'urar da aka fi amfani da ita don auna yawan magani akwai zango uku a jere, tsarin da Richard Yost da Christie Enke suka fito da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Zango na farko yana barin ƙwaya mai nauyi ɗaya tak ta wuce. A na biyu ana karo da ita da iskar agon ko naitirojin har ta farfashe. Na uku yana zaɓar ɓallen da aka san na wannan magani ne, ya kai shi ga ma'auni. Kafin wani sinadari ya yi shigar maganin, sai ya yi daidai da shi a nauyi, ya farfashe irin farfashewarsa, ya kuma fito daga bututun rarrabewa, wanda samfuri ke bi kafin ya shiga na'urar awon nauyi, a lokaci ɗaya da shi. Wannan tantancewa sau uku ita ce ke sa a iya gano nanogiram kaɗan na magani a cikin markaɗen hanta mai ɗauke da dubban sinadarai.

Shirin da ake yi kafin a taɓa dabba

Mataki na farko shi ne a tsai da shawara a kan ainihin abin da za a auna, domin kusan kowane antioksidan yana da siffa biyu: wadda ke riƙe da ilektiron, da wadda ta riga ta bayar. Bitamin C yana komawa dihaidiro-askobik. Asetilsistin, wanda aka fi sani da NAC, ƙwayoyinsa biyu sukan haɗe ta wurin sulfa, ko ya manne wa furotin. MitoQ, wanda Michael Murphy da Robin Smith suka ƙirƙira a Jami'ar Otago ta New Zealand don ya taru a cikin mitokondiriya, wato ɗan sashen ƙwayar jiki da ke samar da kuzari, yana sauyawa tsakanin siffa mai nauyin 583 da mai nauyin 585. Mai bincike yana da zaɓi biyu: ko dai ya daskarar da kowace siffa yadda take a daidai lokacin yanka ya auna su daban-daban, ko kuwa ya mayar da su duka siffa ɗaya ya auna jimilla. A ganina, wanda samfurinsa zai yi tafiyar kwanaki kafin ya isa na'ura, gara ya nufi jimilla, domin ita ce zai iya kare ingancinta a gaban masu jarraba aikinsa.

Abu na biyu, a san ko jikin dabbar yana da wannan sinadari tun asali. MitoQ da edarabon, wani maganin antioksidan, baƙi ne a jiki, don haka duk abin da aka gani daga allura ko abinci ya fito. Bitamin E da gulutatayon da ko'enzayim Q kuwa suna nan tun kafin a ba da magani. Ɓera da akuya da saniya suna haɗa bitamin C da kansu a hanta, alhali ɓeran Masar da ɗan Adam ba sa iyawa. A jikin ɓera ko'enzayim Q9 ne ya fi yawa, ba Q10 ba. Wanda bai san waɗannan ba zai ɗora wa maganinsa abin da jiki ne ya samar.

Na uku, a tanadi tsantsar maganin mai takardar shaidar tsarki, tare da sinadarin rakiya. Wannan na biyu tagwayen maganin ne da aka sauya wa wasu ƙwayoyin haidirojin da diyuteriyom, ta yadda halinsu ɗaya amma nauyinsu ya bambanta da aƙalla 3. Ana zuba adadi sananne daga cikinsa a kowane samfuri tun farkon aiki, don duk asarar da maganin ya yi a hanya shi ma ya yi irinta, rabon da ke tsakaninsu kuwa ya tsaya yadda yake. Yana da tsada kuma odarsa takan ɗauki makonni kafin ta iso, amma idan kuɗin bincike ya gaza, a rage yawan dabbobi ko yawan gaɓoɓi, kada a rage wannan.

Sai izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi na jami'a ko cibiya, wanda dole a samu kafin a fara. Ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 ta musanya dabba da wata hanya inda zai yiwu, rage yawanta, da sauƙaƙa mata wahala, har yau ita ake bi. A tsara lokutan ɗaukar samfuri, misali rabin awa, awa 1, 2, 4, 8 da 24 bayan ba da magani, dabba 3 zuwa 5 a kowane lokaci, tare da rukunin da bai karɓi magani ba.

Ranar yanka

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata a fi jinkirtawa wajen shiri don a yi sauri wajen aiwatarwa. Tun daren jajibiri a rubuta wa kowane ɗan bututun ajiya lambarsa da alƙalamin da sanyi da barasar gwaji ba sa gogewa, a auna nauyin kowanne babu komai a ciki, a jera su bisa tsarin da za a ciro gaɓoɓi. A zaɓi bututu masu duhu, ko a naɗe su da takardar alminiyom, domin bitamin E da ko'enzayim Q da MitoQ duk haske yana taɓa su. A yi aikin da sassafe kafin rana ta ɗaga, kuma mutum uku ne mafi ƙarancin da ake bukata: mai fiɗa, mai awo da daskarewa, da mai rubuta lokaci.

Dabba ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ta gaba. Hanyar kashewa ta zama iri ɗaya ga dukkan rukunai, domin maganin sa barci da firgitar dabba suna iya sauya yanayin sinadaran jiki. A fara ɗaukar jini a bututu mai EDTA, sinadarin da ke hana jini gudaji, a sa a ƙanƙara. Idan ƙaramar dabba ce, a wanke jijiyoyinta ta hanyar tura ruwan gishiri mai sanyi, mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, ta zuciya har hanta ta yi fari-fari. Dalilin wannan shi ne jinin da ya rage a cikin gaɓa yana ɗauke da nasa maganin, kuma a gaɓa irin ƙwaƙwalwa, inda kaɗan ne ke iya ratsa shingen jini, wannan ragowar jini kaɗai kan iya sa a ce magani ya shiga alhali bai shiga ba. Babbar dabba kamar rago ko maraƙi ba a iya yi mata haka cikin sauƙi. Yanka yana fitar da jini mai yawa, sai a ƙara da ɗauraye yankin naman a ruwan gishiri mai sanyi a tsane shi da takardar tacewa.

A riƙa yanko wuri ɗaya daga kowace gaɓa a kowace dabba: ɓangare ɗaya na hanta, ɓawon ƙoda ko cikinta, tsoka ɗaya sananniya. Magani ba ya bazuwa daidai a ko'ina. A sauya wuƙa ko a wanke ta da metanol tsakanin gaɓa da gaɓa, a kuma fara da gaɓar da ake sa ran maganin ya fi ƙaranci a cikinta, a ƙare da hanta. Wanda ya fara da hanta ya koma ƙwaƙwalwa da almakashi ɗaya ya riga ya gurɓata samfurinsa.

Kowane yanki ya zama ƙarami, miligiram 50 zuwa 100, a raba shi gida biyu ko uku a bututu daban-daban don kada a riƙa narkar da samfuri ɗaya ana sake daskarar da shi. A jefa shi cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, cikin minti biyu ko uku da ciro shi. Mai rubutu ya rubuta lokacin mutuwa da lokacin daskarewar kowace gaɓa. Wannan rubutu yakan zama abin da ke bayyana dalilin da dabba ɗaya ta fita daban da 'yan uwanta a sakamako.

Inda babu ruwan naitirojin, ana iya amfani da busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon-dayoksaid, mai sanyin digiri 78.5 ƙasa da sifiri. Ƙanƙarar ruwa ta kasuwa tana jinkirta ɓarna ne na ɗan lokaci kawai. Masu aikin ɗura wa shanu maniyyi suna ajiye shi a tulunan ruwan naitirojin, don haka su ne mutanen farko da ya kamata a tambaya inda suke samun nasu.

Ajiya da tafiya

Wurin ajiyar da ya dace shi ne firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri. Firizar gida mai digiri 20 ƙasa da sifiri tana iya riƙe bitamin E na ɗan lokaci, amma bitamin C da magunguna masu sulfa suna ci gaba da lalacewa a cikinta. Matsalar da kowa ya sani ita ce ɗaukewar wuta. Firizar da za a damƙa wa samfuri sai ta kasance da janareta mai tashi da kansa, a kuma sa ƙaramin ma'aunin zafi mai adana bayanai a cikin akwatin samfuran, domin naman da ya narke da dare ya sake daskarewa kafin safiya ba ya nuna wata alama ga ido. Cibiyoyin da suka daɗe a aikin gwajin dabbobi, irin su LANAVET, ɗakin gwajin lafiyar dabbobi na ƙasar Kamaru da ke Bokle kusa da Garwa, da cibiyar binciken kiwo ta Farsha a Njamena, wurare ne da ya dace a nemi shawararsu game da ajiya mai sanyi da takardun lafiyar dabbobi.

Da yake na'urar tana da tsada kuma ba kowane gari ke da ita ba, sau da yawa samfuri zai yi tafiya. A lissafa busasshiyar ƙanƙara da yalwa, domin akwatin soso yakan yi asarar kilo 2 zuwa 5 a yini guda, kuma a zafin hanyar Marwa zuwa Ngaundare sai a ɗauki babban adadin a ƙara kwana biyu na jinkiri a kai. Kada a rufe akwatin ruf, domin iskar da ke fita tana iya fasa shi. Idan ta jirgin sama ne, busasshiyar ƙanƙara tana tafiya ƙarƙashin lamba UN1845, samfurin jikin dabba da ake zaton yana ɗauke da ƙwayar cuta kuma galibi ƙarƙashin UN3373, kuma ƙasar da za ta karɓa takan nemi izinin shigo da nama tun kafin a tura. A sa a cikin akwatin wasu samfuran da aka zuba wa magani sananne a ranar yanka. Idan suka isa da adadinsu cikakke, an samu shaidar cewa tafiyar ba ta ci komai ba. Kuma kada a tura duka kason a tafiya ɗaya.

Markaɗe da fitar da magani

Ana auna naman yana daskare, a zuba masa ruwan markaɗe mai sanyi, yawanci kashi 9 na ruwa ga kashi 1 na nama. A zuba sinadarin rakiya nan take, kafin a fara markaɗe. Wanda ya bari sai bayan tacewa ya zuba shi ya yi asarar rabin amfaninsa. Ana markaɗawa da na'ura mai girgiza ƙananan duwatsun ƙarfe ko na yumɓu, a taƙaice, daƙiƙa 30 sau biyu ko uku, ana mayar da bututu kan ƙanƙara a tsakani, domin girgizar tana haifar da zafi.

Abin da ake sawa a ruwan markaɗe ya danganta da maganin. Ga NAC da gulutatayon, ana sa sinadarin NEM, wanda ke kama sulfar ya rufe ta kafin ta haɗe da wata. Sai an ba shi 'yan mintuna a ruwa mai matsakaicin tsami, wajen pH 7, kafin a zuba asid, domin a cikin asid aikinsa yana tafiyar hawainiya. Ga bitamin C, asid metafosforik na kashi 5 cikin ɗari tare da EDTA shi ne abin da aka daɗe ana dogara da shi, sai dai ba ya ƙafewa a bakin na'ura, don haka a tsarma samfurin sosai kafin a tura shi cikin na'ura. Ga masu narkewa a mai, wato bitamin E da ko'enzayim Q, ana sa ɗan BHT, sinadarin da ke kare su daga ɓarnar oksijin, a cikin etanol, sannan a ja maganin zuwa cikin heksan, a kwashe saman.

Ga MitoQ da edarabon da makamantansu, hanya mafi sauƙi ita ce a sa furotin ya dunƙule ya kwanta ƙasa. A zuba asetonitiril mai sanyi wanda aka sa wa asid fomik kashi 0.1 cikin ɗari, ninki 3 ko 4 na markaɗen, a girgiza, a juya a na'urar juyi da ƙarfin 16,000 g na minti 10 a digiri 4, a kwashe ruwan sama. Idan maganin kaɗan ne, a busar da ruwan da iskar naitirojin ba tare da zafin ya wuce digiri 30 zuwa 35 ba, a sake narkar da shi a ruwa kaɗan mai kama da wanda na'ura za ta fara da shi. MitoQ yana da halin manne wa roba da gilashi idan ruwan ya yi yawa a cakuɗen, saboda haka a bar asetonitiril da ɗan yawa a ruwan ƙarshe, a kuma gwada duk matatar da za a yi amfani da ita a tabbatar ba ta shanye maganin.

Saita na'ura

Ana fara tura tsantsar maganin kai tsaye cikin na'ura don a gano nauyin uwa, wato cikakkiyar ƙwayar maganin kafin ta farfashe, da na ɓallayenta da ƙarfin karon da ya fi dacewa. Lambobin da aka saba gani su ne: MitoQ daga 583 zuwa 441, tagwayensa mai diyuteriyom uku daga 586 zuwa 444, edarabon daga 175 zuwa 133, gulutatayon daga 308 zuwa 179, wanda NEM ya kama kuma daga 433 zuwa 304, bitamin E daga 431 zuwa 165, bitamin C, a cajin negatif, daga 175 zuwa 115. Waɗannan mafari ne kawai, kowace na'ura sai an daidaita mata nata. A zaɓi ɓalle biyu ga kowane magani, ɗaya don lissafi ɗaya don tabbatarwa.

Bututun rarrabewa na C18 mai faɗin milimita 2.1 da tsawon 50 ya wadatar ga yawancin magungunan. Ruwa biyu ake haɗawa, tsantsar ruwa da asetonitiril, kowanne da asid fomik kashi 0.1, ana ƙara na biyun a hankali daga kashi 5 zuwa 95 cikin minti biyar ko shida, da gudun mililita 0.3 zuwa 0.4 a minti. Bitamin C da gulutatayon ba sa tsayawa sosai a C18, sukan fito tare da gishiri a farkon gudu, don haka bututun HILIC, mai riƙe sinadarai masu son ruwa, ya fi musu. Bitamin E da ko'enzayim Q suna bukatar metanol da aisofurofanol. Kada a sa gishirin fosfet a ruwan na'ura ko kaɗan. Minti na farko na kowane gudu a karkatar da shi zuwa kwalbar shara, a kuma riƙe akwatin samfura a digiri 4 zuwa 10.

Ga wanda na'urar ke hannunsa a wannan yanki, ƙurar hunturu da katsewar wuta su ne manyan abokan gaba. Ɗakin yana bukatar sanyi mai ɗorewa da ƙofa biyu, na'urar kuma tana bukatar batirin riƙon wuta, domin idan famfunan zuƙe iska suka tsaya ba shiri, sai an yi awoyi masu yawa kafin awo ya sake daidaita.

Ma'aunai da tabbatar da hanya

Tsayin tudun da na'ura ta zana ba adadi ba ne sai an gwada shi da ma'aunai, wato samfuran da aka san adadin maganin da ke cikinsu. Ana haɗa ma'aunan a cikin markaɗen gaɓa iri ɗaya daga dabbar da ba ta sha magani ba: na hanta a hanta, na ƙwaƙwalwa a ƙwaƙwalwa. Dalili shi ne sinadaran nama, musamman fosfolifid, suna gasa da maganin wajen karɓar caji, su rage alamarsa, kuma yawan ragin ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa. Ma'aunin da aka haɗa a tsantsar metanol zai ba da layi mai kyan gani da amsa mara gaskiya. Idan sinadarin yana cikin jiki tun asali, ba za a samu nama marar shi ba, sai a bi hanyar ƙara adadi sananne a kan samfurin kansa a lissafa baya, ko a haɗa ma'aunai a ruwan albumin bayan an nuna cewa layinsa yana tafiya daidai da na nama.

Ƙa'idar ICH M10 ta 2022, wadda ta tsara yadda ake tabbatar da ingancin hanyar auna magani a samfurin jiki, ita ce ake bi a duniya. Tana neman aƙalla matakai 6 na ma'auni, ban da samfuri marar komai da mai sinadarin rakiya kaɗai. Kowane mataki kada ya kauce wa ainihin adadinsa da fiye da kashi 15 cikin ɗari, sai mafi ƙanƙanta da aka yarje wa kashi 20, kuma kashi 75 na ma'aunan su cika wannan sharaɗi. Ana haɗa samfuran tantancewa a matakin mafi ƙanƙantar ma'auni da ƙasa da tsakiya da sama, a gwada su sau 5 a gudu 3 cikin aƙalla kwana biyu. Bayan ma'auni mafi girma a tura samfuri marar komai: abin da ya biyo baya kada ya wuce kashi 20 na mafi ƙanƙantar ma'auni. MitoQ yakan faɗi wannan gwaji idan ruwan wanke allura bai da ƙarfi.

Gwajin da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci ga antioksidan shi ne na ɗorewa, kuma a yi shi a yanayin da samfurin ya gani da gaske. Idan naman ya yi wata huɗu a firiza, a gwada wata huɗu. Idan ɗakin aiki yana kai digiri 33, a gwada a 33, kada a kwafi sakamakon ɗakin da ke digiri 20 a Faransa. A ranar awo kuma a cakuɗa jerin samfuran, kada rukuni ɗaya ya taru a farko ɗayan a ƙarshe.

Lissafi da karanta sakamako

Ana raba faɗin tudun magani da na sinadarin rakiya, a karanta adadin daga layin ma'auni, wanda galibi ake ba ƙananan matakansa ƙarin nauyi da tsarin 1/x². A ce an markaɗa miligiram 50 na hanta a maikurolita 450 na ruwa, jimilla kusan 500, na'ura kuma ta nuna nanogiram 20 a kowace mililita ta markaɗe. An tsarma naman sau 10, don haka akwai nanogiram 200 a kowane giram na hanta. Idan MitoQ ne, a raba da nauyinsa na 583, a samu kusan fikomol 343 a giram. A tuna cewa garin da aka saya gishirin mesilet ne mai nauyin kusan 679, wato kashi 86 cikin ɗari ne kawai maganin. Wanda ya manta wannan gyara, duk lambobinsa za su haura gaskiya da kusan kashi 16.

Samfurin da ya gaza mafi ƙanƙantar ma'auni a rubuta shi a matsayin ƙasa da iyakar awo, kada a sa masa sifiri. Wanda ya haura mafi girma a tsarma shi da markaɗe marar magani a sake aunawa. A kwatanta adadin gaɓa da na jini a kowane lokaci, domin wannan rabo ne ke nuna ko maganin yana taruwa a gaɓa ko wucewa kawai yake yi. Idan uwar maganin ta yi ƙaranci a hanta, a duba ko jiki ya riga ya manna mata gulukuronayid ko sulfet, kamar yadda yake yi wa edarabon da yawancin sinadaran tsirrai, kafin a yanke hukuncin cewa ba ta shiga ba.

Samun magani a gaɓa bai nuna ya yi aiki ba. Wannan sai an haɗa da awon ɓarna, kamar isofurostan ko rabon siffofin gulutatayon biyu, daga kason naman da aka ajiye a gefe. Likitocin dabbobi masu bin sawun allurar bitamin E da seleniyom da ake yi wa 'yan raguna da maruƙa su lura cewa hanyar da aka bayyana a nan bitamin E kaɗai take aunawa. Seleniyom sai an narkar da naman a asid naitirik an kai shi wata na'urar awon nauyi mai wutar filasma, ICP-MS, don haka a ware masa nasa yankin hanta tun ranar yanka, a bututun roba da aka wanke da asid, a kuma rubuta a rahoto ko adadin na ɗanyen nama ne ko na busasshe.